Kwana Goma Sha Tara Kafin Labarin Rasuwa Ya Isa Gida: Nazarin Katsewar Sadarwa a Jazira ta Sudan

Kawuna ya san Kwaddibuwa ta doke Najeriya da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe na gasar cin kofin Afirka. An buga wasan ranar 11 ga Fabrairun 2024, washegari bayan sallar asuba ya ji sakamakon a rediyonsa, yana zaune kan buzu a ƙofar gida, a ƙauyenmu da ke bakin tur'a a Jazira. Tur'a ita ce magudanar da ke kai ruwan Nilu cikin gonaki. Ya san Nijar da Mali da Burkina Faso sun ce sun fice daga ECOWAS. Ya san mata sun tare hanya a Minna saboda tsadar rayuwa. Abin da bai sani ba shi ne yayarsa, wadda muke kira Yakumbo, ta kwana huɗu a kabari a Gadarif. Labarin bai iske shi ba sai a kwana na goma sha tara, cikin wata 'yar takarda da yaron mota ya naɗe ya cusa a bakin hularsa.

Lamarin da zan bi diddiginsa ke nan: yadda sadarwa ta yanke a Sudan a watan Fabrairun 2024, da yadda abin ya sauka a kan gida ɗaya na Hausawa. Gidanmu na ɗauka don shi na sani ciki da bai. Ba mu fi kowa shan wuya ba, mutanen Darfur sun riga mu shiga wannan duhun da watanni.

Ga wanda bai san mu ba, Hausawa sun daɗe a ƙasar nan. Wasu kakanninmu hanyar Makka ce ta kawo su a ƙasa, suna tafe suna noma suna neman guzuri, har zama ya kama su. Wasu hijira suka yi bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a har bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, inda garin Mai Wurno yake har gobe. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin auduga na Jazira, hannuwan da suka tsinci audugar nan da yawansu namu ne. Yau muna Jazira da Sinnar da Damazin da Gadarif da Kasala da Bur Sudan da Hartum. 'Yan ƙasa ne mu. Larabci muke yi a kasuwa da makaranta, yaranmu da yawa ma shi ya fi zama a bakinsu. Amma akwai irin su Inna, mahaifiyata, wadda za ta yi ciniki da Larabci ta yi faɗa da shi, amma in aka sa mata labaran rediyo da Larabcin littafi sai ta tsinci kalma ɗaya ta zubar da uku. Karatun allo ta yi, ba ta karanta saƙon waya. Murya take ji.

Igiya ɗaya mai ƙulli uku

Yaƙi ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 tsakanin sojoji da dakarun kar-ta-kwana na RSF, waɗanda a nan muke kira Da'ama. Ina koyarwa a Madani, babban birnin Jazira, lokacin. Wata takwas garin yana karɓar 'yan gudun hijira daga Hartum, a tsakiyar Disamba shi ma ya faɗa hannun Da'ama. Na kwashi iyalina da Yakumbo, wadda ke jinya a wurina, muka yi gabas zuwa Gadarif. Inna da Kawu suka ƙi tashi daga ƙauye. Kawu ya ce dawarsa na rumbu, kuma shi ba zai je ya mutu a ajin makaranta kan tabarmar aro ba.

Daga nan abincin gidan ya rataya a kan igiya ɗaya. Yayana yana aiki a Jidda. Ƙarshen wata sai ya ba ɗan canji riyal, ɗan canjin ya turo mini fam, kuɗin Sudan, ta Bankak, manhajar Bankin Hartum wadda ta zama aljihun kowa tun da aka wawashe bankuna takardar kuɗi ta yi wuya. Ni kuma in tura wa mai kantin ƙauyenmu, in aika masa hoton ish'ar, wato shaidar cewa kuɗi sun shiga. Shi kuma ya auna wa Inna sukari da mai da garin alkama, ya sa a nemo mata maganin hawan jini. Duk zagayen nan ba wanda ke taɓa takardar kuɗi, kuma hakan ya fi, domin a lokacin ajiye kuɗi a gida gayyatar masu bindiga ne. Da yamma Inna ta sa jikanta, ɗan yayan nawa, ya danna mata waya ta yi magana minti uku ko huɗu, gaisuwa ta cinye biyu, a turo mana.

A kwanakin farko na Fabrairu layukan MTN da Sudani suka ɗauke. Kafin mako ya cika Zain ya bi su. Kamfanoni ukun nan su ke nan wayar salula a Sudan, don haka ƙasar ta yi tsit: ba kira, ba saƙo, ba intanet. Mu shabaka muke ce wa layi, kuma a kwanakin nan gaisuwa ta koma "Shabaka ta zo?" Mutane suka riƙa hawa rufin ɗaki suna ɗaga waya sama kamar masu duban watan salla. Na san waɗanda suka biya kuɗin mota har Gallabat, bakin iyakar Habasha, don kawai su kama layin tsallake su ce wa wani suna raye.

Gwamnati da ma'aikatan sadarwa sun ɗora laifin a kan Da'ama, waɗanda ke riƙe da unguwannin Hartum inda manyan na'urorin kamfanonin suke. An ruwaito cewa sharaɗinsu shi ne a mayar da shabaka Darfur, inda ta daɗe a yanke, in ba haka ba kowa ya rasa. Su kuma sun musanta, suka ce sojoji ne suka fara yanke wa yammacin ƙasar. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne sauƙin da abin ya zo da shi. Wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a Bur Sudan suke fitowa, har da wadda ta haɗa mu da Jidda, kuma Bur Sudan tana hannun gwamnati lafiya lau. Amma na'urorin da ke tantance layi, su haɗa mai kira da wanda ya kira, suna Hartum. Kusan wata goma ana ɓarin wuta a birnin, ba a gama kafa madadinsu a wani gari ba. Sai da aka shiga duhu aka tashi fafe gora ranar tafiya.

Yakumbo ta rasu ranar Alhamis, 8 ga wata. Muka yi mata sutura mu kaɗan, da maƙwabtan da ba su ma san sunanta ba, Allah ya saka musu. Ba hanyar gaya wa ƙannenta biyu a Jazira, ba hanyar gaya wa Jidda. Bayan kamar mako guda Sudani ya fara dawowa a gabas daga sabuwar cibiya a Bur Sudan, Zain ya biyo baya a watan Maris. Na sami yayana na gaya masa. Jazira kuwa, da mafi yawan Hartum da Darfur, shirun ya zarce wata da watanni. Dole na koma irin ta kakanni. Na rubuta takarda da ajami don Kawu ya karanta da kansa ba sai an karanta masa ba, na ba yaron wata motar albasa, ta bi hannu uku kafin ta isa.

A ƙauye kuma igiyar ta tsinke daga ƙullin ƙarshe. Mai kanti ya ci gaba da ba Inna kaya bashi har mako uku yana rubutawa a littafi. Daga nan ya zo da kansa, ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce, "Inna, ki gafarce ni. Ni ma wanda nake sarowa a wurinsa ya ce sai ya ga kuɗi a ƙasa." Kuɗin suna nan a asusuna a Gadarif, ina kallonsu, ba su da ƙafar zuwa. Maganin hawan jini ya ƙare, ta koma zoɓo ba sukari. A Hartum abin ya fi haka muni. Takayoyi, wato ɗakunan girkin unguwa da matasa 'yan sa-kai ke ciyar da jama'a da gudummawar da ake turo musu ta waya, da yawansu sun sauke tukunya ana gab da azumi.

Ba ranar aka fara ba

Da'ama ba su suka ƙirƙiro wannan makami ba, gadonsa suka yi. A Disambar 2018, da zanga-zangar da ta kai ga faɗuwar Umar al-Bashir ta kankama, an toshe Facebook da Twitter da WhatsApp sama da wata biyu. Ranar 3 ga Yunin 2019, bayan kisan masu zaman dirshan a gaban hedikwatar soja, majalisar soja ta yanke intanet na waya, bai dawo ba sai 9 ga Yuli. A lokacin ne wani lauya, Abdul'azim Hassan, ya kai ƙara kotu ya yi nasara, aka mayar masa da layinsa shi kaɗai, wai don da sunansa ya shigar da ƙarar. Sai da ya sake komawa a madadin jama'a. Kundin tsarin mulkin riƙon ƙwarya na Agustan 2019 ya rubuta ƙarara cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙin shiga intanet. Shekara biyu bayan haka aka yi juyin mulkin 25 ga Oktoban 2021, aka sake yankewa har 18 ga Nuwamba, duk da kotu ta ce a mayar. A duka lokutan biyun nan, 2019 da 2021, Janar Burhan shugaban sojoji da Hamidti shugaban Da'ama a teburi ɗaya suke zaune. Mutanen da ke yaƙar juna yau, a aji ɗaya suka koyi darasin.

Mu ma da namu kason laifin. Ni malami ne, kuma lokacin da aka riƙa yanke intanet na sa'o'i kowace safiya a kwanakin jarrabawar kammala sakandare don hana satar amsa, ina cikin masu cewa ya yi daidai. Har a zamanin gwamnatin riƙon ƙwarya mai firaminista farar hula an yi hakan. Ban kawo a raina cewa muna saba wa kanmu ne da ganin shabaka a matsayin famfo, wanda mai iko zai murɗa ya rufe duk lokacin da ya ga dalili. Tsarin kuwa mai sauƙi ne: hukumar kula da sadarwa ta ba da umarni, kamfani ya bi, domin lasisinsa na hannunta. Da aka zo 2024, mai bindigar da ya tsaya a kan na'ura bai ma buƙaci takardar umarni ba.

Faranti a kan rumfa

Wajen ƙarshen Maris wayata ta yi ƙara, na ga sunan ɗan yayana. Hannuna har rawa yake.

"Baffa, ni ne. Muna lafiya. Inna na gaishe ka. Ta ce takardar ta zo, Allah ya jiƙan Yakumbo."

Daga kasuwar wani gari yake kira, tafiyar sa'a biyu a kan jaki. An kafa farin farantin Starlink a kan rufin wata rumfa, na'urar kamfanin Elon Musk da ke jawo intanet kai tsaye daga tauraron ɗan'adam. Ta Chadi da Libiya da Sudan ta Kudu ake shigo da su. Ka biya kuɗin awa ɗaya, a karɓi wayarka a sa maka lambar sirri, ka nemi gindin bango ka tsuguna cikin mutane hamsin kowa na ihu a tasa wayar. Mai rumfar ko dai yana da bindiga, ko yana biyan mai bindiga.

Muna cikin magana, yana gaya mini wa ya tashi wa ya rage a ƙauye, sai na ji wata murya a bayansa ta daka tsawa da Larabci: me yake cewa, da wa yake magana, ya yi yaren da kowa ke ji. Yaron ya juya harshe nan take. Daga nan har awar ta ƙare ban sake jin komai ba sai "alhamdu lillahi" da "komai lafiya". Hausar da muka ɗauka sutura ce sai ga shi ta zama abin tuhuma. Bayan wannan muka canza dabara. Inna ta yi maganarta a gida a naɗa, in ya isa rumfa ya tura, ya sauke namu, ya koma gida su saurara, ya goge kafin kasuwa ta gaba. Ni ma a nawa ɓangaren gogewa nake yi, domin masu binciken waya a shingayen hanya suna iya tambayarka yadda aka yi kake samun kira daga yankin da ba shabaka, kuma wa ka sani a can.

Kuɗi sun sake tafiya, amma da rami a hanya. Wanda zai karɓi na waya ya ba ka na hannu sai ya yanki kasonsa, ga kuɗin awa, ga hatsarin hanya. Sadarwa ta koma hannun namiji mai ƙarfin tafiya da abin biya. Inna ba ta taɓa ganin farantin nan da idonta ba. 'Yan mata kuwa ba uban da zai bar su su doshi rumfar.

Wani abin mamaki, a ƙarshen Janairu, kwanaki kaɗan kafin shabaka ta ɗauke, hukumomi suka haramta shigo da Starlink da amfani da shi. Suna da hujja, don Da'ama na amfani da shi a fagen daga. Sai dai haramcin bai raba Da'ama da ko faranti ɗaya ba. Ɗan kasuwa mai tsoron doka ya hana, ya bar harkar a hannun masu fasa-ƙwauri da masu bindiga. Daga baya sojojin da kansu suka kafa shi a wasu unguwannin Umdurman, birnin da ke tsallaken Nilu daga Hartum, don jama'a su samu. Ana cikin haka kamfanin ya aika wa masu amfani da shi sanarwa cewa daga ƙarshen Afrilu zai rufe a ƙasashen da ba shi da lasisi, har ƙungiyoyin agaji da na kare haƙƙi kusan ɗari suka yi ta roƙo kada a yi. Bai rufe ba. Amma makonnin nan mun ɗanɗana abin da ake nufi da gudun gara a faɗa gidan zago: maganin Inna ya tashi daga hannun mai bindiga a Hartum ya koma jiran ra'ayin wani attajiri a Amurka.

Rediyon Kawu

Tsohuwar rediyo ce mai gajeren zango, an ɗaure murfin batirinta da robar taya. Shekaru jikoki na yi mata dariya. Da shabaka ta ɗauke sai ta zama fadar ƙauye, bayan isha'i maza su kewaye ta, da rana a shanya batiran a kan bango wai su ƙara ƙarfi. A nan ne, a ganina, babban giɓin manufofin ƙasar nan ya fito fili, domin rediyo ba ta buƙatar layi ko asusu ko iya karatu. Ita ya kamata ta tare ramin. Da aka murɗa ta, me aka samu?

Gidan rediyon ƙasa, mai kiran "Huna Umdurman", Turawan Ingila suka kafa shi a 1940 don ba da labarin yaƙin duniya na biyu. Talabijin ya zo a farkon shekarun 1960, aka ajiye shi a haraba guda da rediyon a bakin Nilu. Duk mai juyin mulki can yake fara dosa. Da'ama sun shige ta tun farkon yaƙi, sojoji ba su ƙwato ta ba sai 12 ga Maris 2024, a farkon azumi. Talabijin ya koma watsa shiri daga Bur Sudan. Tashoshin FM masu zaman kansu kusan duk a Hartum suke, galibinsu kiɗa da wasanni da talla, suka mutu tare da birnin. Jaridun takarda suka daina fitowa. Gidajen rediyon jihohi na gwamnatocin jihohi ne, a babban birnin kowace jiha, in birnin ya faɗi sun faɗi. Cutar da ta kama waya ita ta kama rediyo: an tara komai wuri ɗaya don ya yi daɗin riƙewa, sai ya yi daɗin ƙwacewa.

Tsofaffi suna tuna lokacin da Umdurman ke karanta sanarwar rasuwa bayan labaran dare, a faɗi sunan mamaci da danginsa da inda ake zaman makoki, ƙasa gaba ɗaya ta yi shiru tana saurare. Kawu ya ce mini daga baya, "Da a zamanin da ne, ɗana, da a daren na ji." Ban ce masa komai ba. A raina ina tunanin ko a zamanin da ɗin, sau nawa aka karanta sunan wata tsohuwa daga ƙauyen 'yan ƙwadago.

Sai batun harshe. Kundin tsarin mulkin 2005, wanda ya biyo bayan yarjejeniyar zaman lafiya da Kudu, ya ce a sashe na 8 dukkan harsunan asali na Sudan harsunan ƙasa ne, za a mutunta su a bunƙasa su. Magana mai daɗi. A iska kuwa Larabci ne ke da gida, sauran harsuna baƙi ne da ake ba ɗan lokaci, yawanci don waƙa da rawar gargajiya ko faɗakarwa kan rigakafi. An yi shirye-shiryen rediyon al'umma da tallafin UNICEF a wasu jihohi, da harsunan yanki da ƙungiyoyin masu saurare a ƙauyuka, kuma sun yi amfani. Amma a cikin gidajen rediyon gwamnati suke, da kuɗin masu ba da agaji, ba mallakar jama'ar da ake yi wa magana ba. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, kafin yaƙi rediyon Sudan yana da sashen ƙetare mai suna Muryar Afirka, wanda ke watsa shiri a gajeren zango da harsuna irin su Amharanci da Sawahili da Faransanci da Hausa. Wato hukuma ta san Hausa, ta iya ɗaukar ma'aikata su yi ta, amma a lissafinta harshen maƙwabta ne da ake aika wa saƙo can yamma. Ba ta lissafa Inna ba, wadda aka haifa a Jazira, aka haifi uwarta a Jazira.

Don haka abin da rediyon Kawu ke kamawa a lokacin kashi biyu ne. Labarin Sudan yana zuwa da Larabci daga waje: Rediyo Dabanga, wadda ke watsawa daga Holan tun 2008, da ɗan shirin gaggawa da BBC ta buɗe wa Sudan a Mayun 2023, bayan ta rufe rediyonta na Larabci mai shekara 85 a Janairun shekarar, ƙasa da wata uku kafin yaƙi. Hausa kuma tana zuwa daga Landan da Bon da Faris da Washinton, tsaf da ita, amma labarin Abuja da Yamai take ɗauke da shi. In an taɓo Sudan, a ce Burhan ya ce, Hamidti ya ce, an tashi taro ba a cimma matsaya ba. Ban ga laifinsu ba, masu sauraronsu na Kano da Maraɗi. Sai dai Inna ba wannan take nema ba. So take ta ji wace hanya ce a buɗe zuwa Sinnar, wane asibiti ke aiki, gaskiya ne an shiga ƙauyen da 'yarta ke aure ko ƙarya ne. Kawu ke saurara da Larabci ya juya mata, kuma ya amsa mini da bakinsa cewa tacewa yake yi. Abin da ya ga zai tayar mata da hawan jini sai ya haɗiye.

Inda labari bai zo ba, ji-ta-ji-ta ke kwana. Sau biyu mutanen ƙauyenmu suna kwashe yara su kwana cikin gona saboda wani ya ce wani ya ce ana zuwa. Mun kuma riga mun ga abin da wannan ke haifarwa tun kafin yaƙi. A Yulin 2022 rikici ya tashi a jihar Shuɗin Nilu bayan Hausawa sun nemi a ba su sarautar gargajiya tasu, aka kashe sama da mutum 100, a Oktoba aka sake yi a Wad al-Mahi, asarar ta fi ta farko. Kafin a zaro wuƙa, an daɗe ana wasa ta a Facebook da WhatsApp, ana cewa mu baƙi ne. Amsar da muka iya bayarwa ita ce fita titi a Kasala da Gadarif da Hartum. Mutanen da suka shekara fiye da ɗari a wuri, in maƙwabcinsu bai taɓa jin muryarsu a rediyon ƙasa suna maganar noma da haraji da makaranta kamar kowa ba, ba wuya a gamsar da shi cewa jiya suka zo.

Na sha tattauna wannan da abokan aiki, wasu su ce ƙaramar tasha a hannun ƙabila ita ma wuƙa ce, ana iya hura wutar gaba da ita, kuma mai bindiga zai ƙwace ta kamar yadda ya ƙwace babba. Gaskiya ne, ba na musu. Amma ƙwace tasha hamsin masu aiki da hasken rana, kowace a hannun kwamitin gari mai Bahaushe da Balarabe da Bafulatani da mutumin Darfur, ya fi ƙwace gini ɗaya a Umdurman wuya. Haka ma na'urorin waya, da sharaɗin lasisi ya tilasta a raba su tsakanin garuruwa, da kuma doka ta ce ba mai yanke layi sai da hukuncin kotu, da wanda ya riƙe Hartum bai riƙe maƙogwaron Kasala ba. Ba a yi hakan ba domin duk gwamnatin da ta zo tana son wuƙa da nama su zauna a hannunta, ba ta taɓa kawo ranar da hannun zai zama na wani ba.

Bayan shabaka ta dawo

Sojoji sun karɓe Madani ranar 11 ga Janairun 2025, Hartum kuma a watan Maris. Shabaka ta riƙa dawowa Jazira kaɗan-kaɗan, don turakun sadarwa da yawa an kwashe musu batira da farantan hasken rana da wayoyi. Da hanya ta buɗe na je gida. Inna ta rame, amma tana kan ƙafarta. Ba ta bar ni na sha ruwa ba sai da ta zaunar da ni na ba ta labarin rasuwar Yakumbo daga farko: me ta ce a ƙarshe, wa ya yi mata wanka, mutum nawa suka yi mata salla, ta wane gefen maƙabarta aka sa ta. Shekara guda ke nan da rasuwar, amma ranar aka yi kukan.

Na bar mata waya mai kyamara na koma Gadarif bakin aiki. Ta koyi kiran bidiyo, ta riƙa sa a jera mata jikoki tana ƙirga su tana cewa wannan ya yi baƙi, wancan ba ya cin abinci. Wata huɗu ta yi tana more wannan. Ranar 25 ga Yulin 2025 hukumar kula da sadarwa ta toshe kiran murya da na bidiyo a WhatsApp a faɗin ƙasar, ta ce don tsaron ƙasa ne, ta kuma kwantar wa jama'a hankali cewa saƙon rubutu yana nan yana aiki. Matasa suka sauke manhajojin zagaye shinge suka ci gaba da harkarsu. Inna ta tambaye ni, "To wannan karon kuma wa ya hana?" Na ce gwamnati. Ta ce, "Ba su ne suka dawo da ita ba?"

Ta koma naɗar murya. Saƙonta na baya-bayan nan minti huɗu ne, biyu gaisuwa. Sannan ta ce in gaya wa yayana maganin ya kusa ƙarewa, kuma Kawu ya ce in an sami mai zuwa a aiko masa da batir, manya, guda shida.